Ɗayyabu da Injin Sassaƙar Sharu

Idan ka tsaya a bakin kasuwar Rano ka tambayi waye Ɗayyabu, dattawa za su ce maka ai mai gyaran rediyo ne, samari kuma su ce wannan tsohon da ke zama gaban kwamfuta a shagon Sharu. Duk ba su yi ƙarya ba. Siririn mutum ne, furfurarsa duk a gemu ta taru, tabaransa ɗaure da zare ta ƙeya saboda ƙafa ɗaya ta karye tun tuni. Ba shi da yawan magana. A duk faɗin Rano mutum ɗaya ne ke iya sa shi surutu har shayinsa ya huce bai sani ba, shi ne Sharu masassaƙi, Sharu kuwa ya rasu bayan an gama girbin dawa.

Kakan Ɗayyabu Babarbare ne, karatu ya kawo shi daga gabas, ya ga wuri ya zauna. Shi Ɗayyabu bai gaji allo ba, bai kuma yi nisa a boko ba. Tun yana saurayi ya tafi Kano ya koyi gyaran rediyo, ya dawo ya kafa tebur a wata rumfa, da mitar auna wuta da dalma da gwangwanaye cike da ƙananan kusoshi. A wancan zamanin, ranar kasuwa ko sararin cin abinci ba ya samu. Manoma daga Yalwa, Fulani daga rugagen Kibiya, kowa da rediyonsa rataye a kafaɗa, kowa na so a gama masa kafin labaran yamma. Daga irin shaƙewar da muryar rediyo ta yi yake gane ciwonsa tun bai kwance shi ba.

Sai wayar hannu ta shigo, da rediyonta a ciki da fitilarta. Abin da ya lalace a yar, a sayi sabo. Teburin Ɗayyabu ya yi ta yin shiru har kaji suka mai da ƙarƙashinsa wurin shan inuwa. A cikin shekarun nan ne matarsa Sadiqa ta kwanta ciwo ba ta tashi ba, 'yarsu tilo Mufida kuma aure ya kai ta Bauchi. Ya rage shi kaɗai a ɗaki ɗaya cikin babban gidansu, inda 'ya'yan 'yan'uwa ke rusunawa su gaishe shi su wuce harkarsu.

Sharu kuwa tun tasowarsa gizago ne a hannunsa. Turmi, kujerar tsugunno, akushi, daga baya ƙyauren ƙofa da kan gado masu zane. Da hannun ya soma rawa, sai babban ɗansa Abdurrahman, wanda ke aiki a Kano, ya sayo masa injin sassaƙa da wani ya taɓa amfani da shi. Tebur ne na ƙarfe mai faɗin gado, da wata gada a kansa mai tafiya gaba da baya, a jikin gadar kuma akwai kai mai haƙori ɗaya da ke juyawa yana cin katako. Kwamfuta ce ke gaya masa inda zai bi. Masu haɗawa suka zo suka haɗa, suka danna nan suka danna can, suka koma Kano kafin la'asar. Sharu ya zagaya injin, ya leƙa ƙarƙashinsa, sannan ya aika a kira masa Ɗayyabu.

"Ɗan rediyo," in ji shi, "zo ka ga baƙon da aka ajiye min. Ba ya jin Hausa, ni kuma ba na jin yarensa. Kai da ka saba da masu magana a cikin akwati, ko za ka yi mana tafinta?"

Tafintar da ya yi ta yi ke nan shekara da shekaru. Da farko a waya ya riƙa kallon yadda ake yi, tabarau a kan hanci, ya karya haƙoran injin ba adadi kafin su fahimci juna. Daga baya aiki ya zauna a kan tsari. Sharu ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa ya zana da gawayi, Ɗayyabu ya ɗauki hoton zanen ya sa a kwamfuta ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, Sharu na tsaye a bayansa yana mita. Ya ce an kashe masa layi, an miƙar da shi kamar titin gwamnati. Ɗayyabu ya ce ai rawar hannu ce yake kira gwaninta. Sharu ya ce wanda bai taɓa fafe ko ludayi ba ba shi da bakin magana a kan itace. Haka za su yi ta yi har injin ya tashi da ƙararsa ya raba gardamar. Maƙwabta da farko sun ɗauka faɗa ne, har mai shayi ya taɓa shigowa rabo, suka haɗu suka kore shi.

Aikin ƙarshe da Sharu ya karɓa na Bappa ne, wani dattijon Bafillatani da ya daɗe da ajiye yawo ya zauna a Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya, yana noma yana kiwo. Iska ta kayar da wani tsohon maɗaci a bakin gonarsa, ya sa aka tsaga, aka samu manyan katakai biyu masu faɗi, ya ce ƙofar masallacin unguwarsu yake so, mai ƙyaure biyu. Sharu ya zana sarƙaƙƙen zane irin na zayyanar allo, suka gama ƙyaure ɗaya, ya fito kamar a lasa. Ɗayan katakon na jingine da bango ana jiran ya ƙara bushewa, zazzaɓi ya kama Sharu. Bai yi sati a kwance ba.

Bayan sadakar bakwai Ɗayyabu ya koma ya buɗe shagon, don bai san inda kuma zai je da safe ba. Yana share ƙasa, ya goge kwamfuta, ya yi ƙananan ayyukan da suka saura. Wani lokaci sai ya ja layi a kwamfuta ya tsaya yana jiran a ce ya kashe shi, sai dai ya ji kukan akuyar maƙwabta.

Da zafin bazara ya kankama, sai injin ya soma wani hali. Zai fara aiki lafiya lau, can tsakiya sai kan ya yi tsalle gefe kamar faɗin yatsa, ya ci gaba da zanen a karkace kamar ba abin da ya faru. Wata rana kuma kwamfutar ce za ta ce ba ta ganin injin sam, haƙorin ya tsaya wuri ɗaya yana juyawa har katako ya yi baƙi ya soma hayaƙi. Kan gadon wata amarya ya lalace haka, sannan allon sunan wani kanti. Kafintocin da ke kawo aiki suka daina zuwa. Katakon Bappa kuwa Ɗayyabu ko taɓa shi bai yi ba. Maɗacin guda ne, ya riga ya faɗi, babu na uku.

Ana cikin haka Abdurrahman ya zo daga Kano wata Asabar. Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda yake yi wa mahaifinsa, ya zauna a kan benci, aka gaisa aka sake gaisawa. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana. Mahaifiyarsu Ummukulsum ta fita takaba, malamai sun zauna a kan gado, gida da gona an san yadda za a yi da su, amma inji ba a yanka shi a raba. Ƙannensa mata na da haƙƙi a ciki, ƙaramarsu Bushra ma karatu take yi. Akwai wani mai kamfanin kujeru a Kano da ya ce yana so, amma da ya ji labarin tsallen da yake yi ya ce shi ba ya sayen ciwo, a gyara tukuna.

"Baba, kai kaɗai ka san kansa," in ji Abdurrahman, idonsa a ƙasa. "In ka gyara, sai a kira shi ya zo ya ɗauka."

"In kuma bai gyaru ba?"

"To, sai ya zauna nan. Wa zai saya?"

Ɗayyabu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce zai duba. Da yaron ya tafi, ya daɗe zaune yana kallon injin. Maganar ba ta da wuyar ganewa. Ranar da ya gano ciwon, ranar ce zai rasa wurin zuwa da safe.

Duk da haka ya fara, don hannun da ya saba da gyara ba ya iya zama kusa da abin da ya lalace. Ya bi ta kan abin da ido ke gani tukuna. Ya ja bel ɗin da ke jan gadar ya ji ko ya saki, ya ɗaure duk wani kusa da ya yi sako-sako, ya goge hanyoyin da gadar ke bi ya sa musu mai. Ya ɗora ragowar katako ya gwada, injin ya yi tsallensa. Ya buɗe akwatin wutar da ke gefe, ya hure garin katakon da ya cika shi, ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya da mita yana lanƙwasa su ko akwai wadda ta karye ta ciki. Ya ga wasu kwandansa biyu, 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta, sun kumbura kamar cikin kwaɗo, ya je gida ya tono wata tsohuwar talabijin daga ƙarƙashin gado ya ciro irinsu ya liƙa da dalma. Injin ya yi aiki kamar ya warke, sannan ya yi tsalle. Ya ari kwamfutar Salahuddeen mai shagon buga takardu, ko tasu ce ta tsufa. Ya gwada da wutar gari, ya gwada da janareta. Duk ɗaya.

Abin da ya fi damunsa ba gazawar ba ce. Duk lokacin da haƙorin ya kauce daga layi, sai ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, irin na wanda aka ce wa ya ƙara kwana. Sai ya yi istigfari ya sake ɗaukar mita. Ranar Juma'a Mufida ta kira kamar yadda ta saba, ta tambaye shi aiki, ya ce alhamdulillahi. Ta ce muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce sabis ne.

Ranar wata kasuwa, ya canza wayar da ke haɗa kwamfuta da inji ke nan, sai ga Bappa ya yi sallama, da sandarsa da malafarsa. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, Bappa kuwa bai taɓa barin Ɗayyabu ya huta ba. Ya tsaya a ƙofa ya ce ina bawansa, ya zo duba ko an ci amanar ubangida. Ɗayyabu ya ce bayi ai su ne masu bin saniya a rana, ya shigo ya zauna kafin zafi ya ƙarasa narkar da ɗan abin da ya rage masa a ka. Bappa ya yi dariya har da tari. Sai da ya zauna ya ga katakonsa jingine yadda ya bar shi, dariyar ta tsaya.

Ya ce masallacin na nan da ƙyaure ɗaya, ɗaya gefen zana suka kafa, awaki na shiga suna cin tabarma. Ga damina na tafe. Ɗayyabu ya gaya masa gaskiyar halin da injin ke ciki, ya ce ba zai ɗora katakon nan a kai ba sai ya tabbata.

"Hannun Sharu ne a takardar nan," in ji shi. "In na ɓata, wa zai sake zana min?"

Bappa ya gyaɗa kai. Da aka kira azahar, ya ce shi ba zai iya layin famfon masallaci ba, ya zaga bayan shago inda ya saba alwala in ya zo wurin Sharu. Daga ciki Ɗayyabu na jin sa yana faɗa shi kaɗai, wai ruwan duron nan ya yi kore ya canza wari, ko jaki ba zai sha ba balle a yi alwala da shi, wai Barebari ba su san darajar ruwa ba. Sai ya ji ƙarar an tuntsurar da duro, ruwa ya kwarara. Bappa ya kira ɗan garuwa ya zuba masa kaɗan a buta, ya yi alwalarsa, suka tafi masallaci tare.

Da yammar nan injin ya yanka zane tun daga farko har ƙarshe ba gargada. Ɗayyabu ya sake ɗora wani guntun katako, ya sake fitowa sumul. Ya ce a ransa ashe wayar ce. Ya zauna a kan benci, hannuwansa a kan gwiwa, bai san ko murna zai yi ba. Washegari ma haka. Ya ɗauko katakon Bappa ya goge shi, ya auna, ya ce bari dai ya ƙara gwaji ɗaya. A gwajin nan ne, bayan 'yan kwanaki, kan ya sake yin tsalle.

Ya kashe injin ya tafi salla. Da ya dawo, hannunsa da sauran damshi, ya zame silifas ɗinsa a bakin ƙofa saboda zafi, ya dafa gefen teburin ƙarfen zai sunkuya. Sai ya ji wani zirr a tafin hannunsa, ɗan kaɗan, kamar cizon tururuwa. Ya ɗauko testa, sukudireban gwada wuta, ya taɓa jikin injin, 'yar fitilar ta kawo ja. Wuta na yawo a jikin ƙarfen, ba ta da hanyar fita.

Kowane mai aikin wuta ya san irin wannan injin na tara wata ɓatacciyar wuta a jikinsa, kuma akan ja masa waya guda a kai ta ƙasa don ta shanye. In ba ta samu hanya ba, sai ta bi ƙananan wayoyin da ke kai saƙon kwamfuta ta rikita su. Ɗayyabu ya laluba bayan akwatin ya sami wayar ƙasan, wata koriya. Lafiyarta lau, a ɗaure take gam. Ya bi ta da yatsa a gindin bango har inda ta shige wani ɗan rami ta fita waje, ta bayan shago.

Nan ya tsaya. Tun ranar da aka kai Sharu bai taka bayan shagon nan ba. Ba wai ya yanke shawarar haka ba ne, ƙafarsa ce kawai ba ta zuwa.

Ya zaga. Wurin ɗan tsukuku ne tsakanin bango da katangar maƙwabta. Ga faffaɗan dutsen da Sharu ke zama a kai, ga butarsa ta roba rana ta cinye launinta, ga guntun asuwaki a saƙale a tsagar bango, ga duron da Bappa ya kifar. Dab da dutsen, kan wani ƙarfe ya ɗan leƙo daga ƙasa, koriyar wayar na ɗaure a wuyansa. Ƙasar wurin ta bushe ta tsattsage har ƙarfen na motsi in an taɓa shi, sai dai ana ganin sawun inda ruwan Bappa ya bi ya kwanta a gindinsa kafin rana ta shanye.

Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Masu haɗa injin, a ranar da suka zo, sun nemi wuri mai damshi ne suka kafa ƙarfen, wurin da ya fi ko'ina damshi kuwa shi ne inda Sharu ke alwala. Shi ba ya zuwa famfon masallaci saboda gwiwarsa, sai a kan dutsen nan. Kuma mutum ne mai ɓarnar ruwa, Ɗayyabu ya sha yi masa wa'azi a kan haka, shi kuma ya ce ruwansa ne ba na Barno ba. Nan yake wasa gizago yana yayyafa wa dutse ruwa, nan yake ɗauraye kofunan shayi, nan yake watsa ragowar buta. Duk tsawon shekarun nan ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa ba, rani da damina. Ba wanda ya san aiki take yi, har shi Sharun. Da ya tafi, damshin ya yi ta ja da baya a hankali, har bazara ta ƙarasa shi.

Ɗayyabu ya zauna a kan dutsen. Ya yi zafi, bai tashi ba. Can cikin kasuwa ana ta hayaniya, nan kuwa ko ƙadangare babu.

A nan ne tunanin ya zo masa, a fili, ba kunya. Ba wanda ya sani. Zai iya kiran ɗan garuwa ya jiƙa wurin, ya yanka ƙyauren Bappa, ya sallame shi, sannan ya bar rana ta yi aikinta. In mai kamfanin ya turo a gwada, injin zai yi tsallensa a gabansu. Ba sai ya yi ƙarya da baki ba. Shago ya zauna, shi ma ya zauna. Ya juya maganar ta kowane gefe, bai ga inda za ta ɓalle ba. Har ya tashi ya kira ɗan garuwan, aka juye jarkoki a gindin ƙarfen, ƙasa na sha tana ƙara.

Sai dai yana tsaye yana kallon ruwan na nutsewa, idonsa ya sauka a kan inda wayar ta haɗu da ƙarfen. Tsatsa ta ci wurin, an naɗe ta ne kawai aka murɗe da filaya, aikin gaggawa na masu son komawa Kano kafin la'asar. Abin ya tsaya masa a rai kamar ƙaya. Ya ce bari dai ya kankare tsatsar. Da ya kankare, ya ga ƙarfen gajere ne, bai kai ko'ina ba. Washegari da safe sai ga shi a wurin masu kayan wuta yana zaɓen dogon ƙarfe mai ruwan tagulla da maɗauri mai kusa. Ya ari diga ya haƙa rami mai zurfi, yana haƙa yana hutawa, bayansa na ciwo. Ya kafa ƙarfen, ya zuba gawayi da gishiri a kewaye kamar yadda ake yi don ƙasa ta riƙe damshi, ya mayar da ƙasa ya daddanna da ƙafa. Sai da ya ɗaure kusan ƙarshe ya miƙe, sannan ya ga abin da ya yi. Wannan gyaran rana ba za ta warware shi ba. Ya taɓa testa a jikin injin, fitilar ba ta kawo ba.

Ya ɗora katakon maɗacin. Ya yi bisimilla ya danna. Haƙorin ya sauka ya kama layin Sharu, jan gari na tashi, ƙamshin itacen mai ɗaci-ɗaci ya cika shagon. Ɗayyabu bai zauna ba. Yana tsaye, hannunsa kusa da makashin wuta, yana bin kan da ido duk inda ya juya, har a 'yan lanƙwasar nan da ya taɓa cewa rawar hannu ce, waɗanda a wannan karon ya bar su yadda aka zana. Aikin ya ci yini guda. Da injin ya ɗaga kai ya koma gefe ya yi shiru, ya shafa zanen da tafin hannu tun daga sama har ƙasa. Babu inda ya kauce.

Bai bari ya kwana da maganar ba. Kafin magariba ya kira Abdurrahman.

"Ka gaya wa mutumin naka ya zo. Ya gyaru."

Yaron ya tambayi me ya sami injin.

"Ƙasa ce ta bushe a inda babanka ke alwala."

Abdurrahman bai gane ba, ya sake tambaya, Ɗayyabu ya yi masa bayani a taƙaice, na waya da ƙarfe da damshi. Ya ji numfashin yaron ya canza. Can ya ce, "Baba, kai kuma fa?" Ɗayyabu ya ce ana kiran salla, sai sun yi magana.

Bappa ne ya fara zuwa, da amalanken shanu. Ya duba ƙyauren, ya bi zanen da yatsa, ya ce ashe bawan nasa na da amfani, zai ƙara masa shekara kafin ya sayar da shi. Ɗayyabu ya ce ya dai lulluɓe katakon da kyau, kada shanun su ɗauka abinci ne ɗan'uwansu ya kawo musu. Suka ɗaure shi da igiya a kan buhuna, amalanken ya kama hanyar Kibiya a hankali.

Mai kamfanin ya zo da babbar mota da ma'aikatansa. Aka gwada injin a gabansa, ya gamsu. Suna kwancewa Ɗayyabu na bin su yana cewa a riƙe nan, kada a ja can, a sa tsumma a ƙarƙashin gadar. Ya ja babban cikinsu gefe ya gaya masa maganar wayar ƙasa, ya ce in sun kafa ƙarfen su haƙa da zurfi, kuma kada su bar wurin ya bushe. Mutumin ya ce to, to, idonsa na kan masu ɗaurin kaya. Motar ta tashi kafin azahar.

Ya share shagon tas, ya rufe, ya kai makullin gidan Sharu. Ya yi sallama a zaure, Ummukulsum ta amsa daga bayan ƙofa, aka gaisa, ta yi masa godiya a madadin yaran. Ya ajiye makullin a kan dakali ya juya zai tafi, sai ta sake magana.

"Malam Ɗayyabu, abincin rana fa? Ina za a riƙa kai maka?"

Tun ranar da ya fara aiki da Sharu daga gidan nan kwanon rana ke zuwa shago, ko a cikin takaba bai yanke ba. Shi kuwa duk lissafin da ya yi na rabuwa da injin, wannan bai faɗo masa ba. Ya tsaya da hula a hannu. Ya ce gaskiya bai san inda zai riƙa zama ba tukuna.

Ta ce to, in ya sani ya aiko.

Ya ce in sha Allahu. Ya fito daga zauren, rana na tsakiyar ka, ya tsaya a bakin hanya yana duba gabas da yamma.